Damina, Bakanse da Hutun Jaki da Kaya a Ka

Duk wanda ya tsaya a tashar motar Birnin Ƙonni a ƙarshen watan Yuni ko farkon Yuli, zai ga irin matafiyan da ba a cika gani ba a sauran watannin shekara. Ga ƴan makaranta da ɗalibai da akwatunansu, sun fito daga Yamai da Tawa da Maraɗi. Ga malamin lakkwal da ya rufe aji, ya kwaso mata da ƴaƴa za shi garinsu. Ga kuma ƴan cin rani na Adar, waɗanda suka baro Abijan ko Legas ko Kwatano saboda labarin saukar ruwan shuka ya iske su can. Wasu su sauka nan, wasu su zarce Malbaza da Galmi, wasu kuma su karya ta Tsarnawa su kama hanyar Badagishiri da Illela. Kowa aka tambaya, gida za shi. Amma in an bi su har gidan, sai a tarar ba abu ɗaya ya kawo su ba, domin wani hutu ya zo yi, wani kuwa yanzu ne ma aikinsa zai soma.

Wannan lokaci shi ne ma'aikata da ƴan boko ke kira bakanse. A cikinsa ne makarantu ke rufe har zuwa wajen farkon watan Oktoba, a cikinsa ne kuma yawancin ma'aikatan gwamnati ke neman konjensu na shekara. Tambayar da ta kamata mai karatu ya yi wa kansa, ko ma'aikacin biro ne shi ko mai shago a bakin kasuwa, ita ce: a cikin waɗannan watanni uku, kwana nawa jikinsa ke hutawa da gaske?

Inda al'adar ta samo asali

Hutun shekara wanda ake biyan ma'aikaci albashinsa yana zaune a gida ba daɗaɗɗen abu ba ne, ko a Turai. A Faransa sai a shekarar 1936, zamanin gwamnatin Leon Blum, aka kafa dokar da ta ba ma'aikata sati biyu. Aka ƙara ya zama sati uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982. Ma'aikatan ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka sun sami nasu rabon a dokar aiki ta watan Disamba 1952, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadago. Dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012 ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi a kan kowane wata da ya yi yana aiki, wato kwana 30 a shekara. Saboda haka hutu haƙƙi ne da doka ta rubuta, ba alfarma ce da shugaban ma'aikata ke yi wa wanda ya ga dama ba.

Abin da aka gada tare da dokar shi ne lokacin yin hutun. Bature ya zaɓi Yuli da Agusta domin a ƙasarsu a nan ne sanyi ke sakin mutane, rana ta fito, yini ya yi tsawo, kowa ya nufi bakin teku ko kan duwatsu yana shan hantsi. Mutumin da ya yi wata shida yana rawar ɗari dole ya yi marmarin rana. Mutumin Ƙonni kuwa ba ya marmarinta, gudunta yake yi. Abin da Bature ke kira da suna ɗaya, a wannan ƙasa kashi biyu ne masu hali dabam: akwai bazara, daga Maris zuwa farkon Yuni, sannan akwai damina. Wanda ya ce zai kwaikwayi hutun Turawa ba tare da ya duba nasa sararin samaniya ba, ya daka rawar wani ke nan, kuma an san abin da ke samun mai yin haka: ya kan rasa turmin daka tasa.

Bazara, mai hana barci

A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Birnin Ƙonni ya kan haura 40 da rana, dare kuma ba ya sanyaya ɗaki. Nan ne jiki ya fi bukatar a sassauta masa, amma nan ne kuma aka fi matsa masa. A Galmi da Dogerawa da fadamun Majiya lokacin cirar albasa ne, wadda sunanta ya kai Abijan da Akara da Lome. Ƴan dako na loda buhuna cikin tsakar rana, dillali na kai da kawowa, mai saye na kwana a kan tabarma kusa da mota. A ƙasar Illela ta Adar kuwa manoma na haƙar tassa a kan faƙo, wato ramukan da ake zuba wa taki domin su tare ruwan sama, dabarar da wasu manoman yankin suka gano a Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka zo suka yaɗa ta. A Malbaza, inda masana'antar siminti take tun shekarun 1960, ma'aikata na karɓar aiki daga hannun juna dare da rana. Ƴan makaranta kuma na fama da shirin jarrabawa. Ba mai hutu a bazara.

Ga kuma ciwon da ke tafe da ƙura da zafi. Sanƙarau ya fi tashi tsakanin watannin hunturu da bazara, ya kuma lafa da saukar ruwa. Dattawa ba su manta da annobar 1995 ba, matasa kuma sun ga ta 2015. Allurar rigakafin da aka soma yi a Nijar a 2010 ta karya lagon nau'in da ya fi ɓarna a da, amma sauran nau'o'in suna nan, shi ya sa cunkoso a ɗaki marar taga ya kasance abin gudu a wannan lokaci.

Mutanen da sun san yadda ake zama da bazara. Su kan fita aiki tun da asuba, su dawo kafin rana ta take, su yi ƙailula a ƙarƙashin rumfa ko inuwar bedi, sai la'asar sakaliya su sake fita. Ruwan randa da na tulu, fura mai nono, jiƙon tsamiya, zoɓo, da riga mai faɗi ta auduga, duka dabarun sanyaya jiki ne da ba sa bukatar wutar lantarki. Abin takaici shi ne yadda ɗan kasuwan yau ke ganin ƙailula lalaci ce, ya yini cikin shago mai rufin kwano, yana korar ƙishirwa da lemun kwalba mai sukari. Wanda bai iya samun hutun kwana 30 a bazara ba, ai yana iya samun na sa'a ɗaya kowace rana.

Abin da damina ke kawowa

Da ruwa ya zauna sai ƙasa ta sake kama. Yankin Ƙonni na samun ruwan sama wajen milimita 500 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma a Agusta zafin rana ya kan sauko zuwa wajen 32. Tudun da ya yi wata takwas yana ja wur sai ya yi kore shar. Majiya, wadda a rani yashi ce kawai, ta kan kawo ruwa ta cika madatsun Mozage da Zango, waɗanda ke shayar da filin noman rani na Ƙonni mai faɗin hekta fiye da 2,400, kafin ta gangara zuwa tafkin Kalmalo a Najeriya. Wanda ya saba ganin bangon biro da takardu, idan ya fita bayan gari da sassafe ya shaƙi ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa, ya ga gero ya yi kara yana kaɗawa, ba ya bukatar a gaya masa cewa ya sami abin da Bature ke biyan kuɗin jirgi don ya nema.

Barci ma ya kan dawo. Bayan watannin da mutum ya yi yana juyi a tsakar gida yana fifita, daren damina mai sanyi magani ne da ba a saye. Haka kuma abinci. Tafasa da rama da yakuwa da lalo na fitowa a gefen gona ba da wahala ba, zogale ya yi sabon ganye, kuɓewa ɗanya da gauta su shigo kasuwa, can gaba kuma a sami ɗanyar masara da wake. Kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, wanda wasu ƴan birni ke ɗauka abincin talaka ne, yana ɗauke da abubuwan gina jiki da ƙarin jini waɗanda farar shinkafa da mai ba su da su. Dabbobi sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, nono ya yawaita ya yi araha. Su kansu makiyaya a wannan lokaci ne suke kora garkunansu arewa, har zuwa ƙasar gishiri ta Ingal, domin sun san dabba ma tana da lokacin gyaran jikinta. Abin da makiyayi ya yi wa saniyarsa bai kamata mai hankali ya hana wa kansa ba.

Sannan ga zumunci. Babu lokacin da ƙauyukan Adar ke cika kamar damina, tunda ɗan cin rani ya dawo, ɗalibi ya dawo, ma'aikaci ya dawo. Yaron da aka haifa a Yamai, wanda bai san bambancin gero da dawa ba, nan ne zai ga kakarsa, ya ji Hausar gida, ya koyi riƙe hauya, ya san dangin ubansa da sunayensu. Wannan karatu ne da ba a ba da shi a aji.

Baƙo ya tuna da mai gida

Sai dai a nan akwai abin da ya wajaba mai zuwa hutu ya riƙe. Lokacin da yake kira na hutu, ga manomi shi ne na aiki mafi tsanani: shuka, noman fari, maimai, kullum daga fitowar rana har ta karkata. Shi ne kuma lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, tiyar gero ta yi tsada a kasuwa. Hutun manomi sai kaka, in an yi girbi an ɗaure dammuna. A lokacin ne ake bukukuwan aure, a buga gangar kokowa a dandali. Ba banza ba gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka soma a Tawa a 1975, ba a yin ta da damina.

Saboda haka ma'aikacin da ya sauka a gidan wansa da mata da ƴaƴa shida, hannu rabbana, yana jiran a yanka masa zabo, hutunsa ya zama nauyi a wuyan wani. Wanda ya san ya kamata ya kan zo da buhun hatsi ko na shinkafa, ya biya kuɗin ƴan ƙwadago na kwana biyu, ko ya shiga gayya da kansa. A nan riba biyu ce. Likitoci na cewa baligi na bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a sati. Wanda ya yi wata goma sha ɗaya a kan kujera, idan ya riƙa takawa zuwa gona da safe yana yin kunya biyu ko uku gwargwadon ƙarfinsa, ya biya wannan bashi har da ƙari. Sharaɗin kawai shi ne a bi a hankali, kada mai tumbi ya ce zai yi gasa da wanda ya tashi da hauya a hannu.

Masu hutun jaki

Hausawa na cewa hutun jaki da kaya a ka, kuma irinsa ne mafi yawan ma'aikata ke yi. Wani ya karɓi takardar konje ya zarce wajen ginin da yake yi, ya ƙare kwana talatin yana faɗa da magina. Wani ya mai da hutun lokacin fatauci, yana tsallaka iyaka yana saro kaya don ya cike giɓin albashi. Wani kuma bai bar gari ba, kullum yana fada daga hantsi har tsakar dare, ana kai shayi na ɗaya da na biyu da na uku, kowane da sukari kamar zuma, ga sigari, ga tsire. Akwai ma wanda ke shekara uku bai nemi hutun ba, don tsoron kada ya dawo ya iske wani a kan kujerarsa. Ba a musun cewa matsin rayuwa ne ke jawo yawancin wannan, musamman ga wanda ke tunanin kuɗin littattafai da tufafin komawa makaranta a Oktoba. Amma ko sati ɗaya aka ware daga cikin huɗu aka bar wa jiki, ya fi babu.

Na ɗan kasuwa ya fi tsanani, domin shi ba dokar da ta rubuta masa hutu. Ƙonni gari ne na kan iyaka, ƴan kilomitoci kaɗan tsakaninta da Illela ta Najeriya, kuma tana kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram. Ranar Laraba kasuwar gari, Lahadi ta Illela, sauran ranaku na kasuwannin ƙauye, ga canjin Naira da Sefa da ba ya jiran kowa. Akwai Alhazan da in ban da ranar Salla da kwanakin aikin Hajji ba su taɓa rufe shago ba tun suna samari. Dalilinsu ɗaya ne: kasuwa ba ta jira, kuma in ba su nan, yara za su yi ɓarna.

To amma ƴan shekarun nan sun nuna cewa kasuwa na iya tsayawa ba da izinin kowa ba. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Wannan hutun dole ne, mai tafe da hasara da zullumi, ba wanda ya ƙaru da shi. Darasin da ke ciki shi ne, tunda dukiya ta iya jure watanni na tsaiko da ba a shirya ba, ba za ta rushe ba don mai ita ya zaɓi kwana goma ya huta bisa shiri. Damina kuwa ita ce ta fi dacewa, domin ciniki ya kan yi sanyi: mutanen ƙauye suna gona, kuɗi sun yi ƙaranci a hannunsu, hanyoyin wasu kasuwanni sun yanke. Kuma wanda bai taɓa barin ɗansa ko yaronsa a kan shago na kwana goma ba, yaya zai san ko ya iya? Gara a gwada shi mai shago na raye yana iya gyara masa, da a bar masa makulli ranar da ba a shirya ba.

Ranar da ba a shirya ba kuwa sau da yawa hawan jini ne ke kawo ta. Ciwo ne da ba ya sallama. Mutum na tafiya garau, sai a ji ya faɗi, rabin jiki ya mutu. Zama wuri ɗaya, ƙiba, rashin barci, yawan tunani da yawan gishiri duk suna taimaka masa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya yawancinsa gishiri ne. Daddawar kalwa da ta batso sun fi shi sauƙi ga jiki. Awon jini ba ya cin minti biyar. Ana yin sa a gidajen likita na gwamnati a Ƙonni da Malbaza da Illela, da kuma asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. Wanda ya haura shekara arba'in, ya kamata ranar farko ta hutunsa ta zama ta awon jini da na sukari.

Kada garin neman gira a rasa ido

Damina uwar albarka ce, amma tana da nata haƙoran. Na farko sauro. Masassarar cizon sauro ta fi kamari daga Agusta zuwa Oktoba, kuma yara ƙanana da mata masu ciki ta fi kayarwa. Mai zuwa ƙauye da iyali ya sa sange a cikin kaya kafin ya sa tufafin ado, ya kuma tabbata kowa ya kwana cikinsa. Tun 2013 ake rarraba wa yara daga wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafin masassarar damina a Nijar, sau ɗaya a wata, ana somawa daga Yuli, kowane zagaye a sha kwana uku a jere. Tafiya hutu kada ta sa yaro ya tsallake zagayensa. A nemi masu rarrabawa a duk inda aka sauka. In jikin yaro ya yi zafi a kai shi likita a ranar, kada a tsaya ga mai tallan ƙwayoyi a faranti.

Na biyu ruwan sha. Ruwan sama na kwaso ƙazanta ya zuba a rijiyar da ba ta da murfi, daga nan sai zawo, wani lokaci har kwalara, kamar yadda aka gani a jihar Tawa a 2021. A tafasa ruwa ko a sa masa maganin tsabtacewa, a wanke hannu da sabulu, a wanke ganye sosai kafin a yi kwaɗo. Na uku kududdufi da magudanar ruwan fadama, inda yara ke son wanka: nan ake ɗaukar tsargiya, nan kuma ake hasarar rayuka. Haka direban da ya iske ƙorama ta kawo, ya yi haƙuri ta wuce. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin a koma

A tsakiyar wannan lokaci ne ranar 3 ga Agusta ke faɗowa, wadda tun 1975 ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar. Mai hutu na iya barin abin tunawa da ya fi hoto: bedi ɗaya a ƙofar gida, ko mangwaro, ko zogale a bayan ɗaki, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Inuwar da ake ƙailula a ƙarƙashinta yau, wani ne ya dasa ta da daminar da ta wuce shekaru da yawa.

Idan Satumba ta ƙare, tashar Ƙonni za ta sake cika, wannan karon da masu komawa, da ƙullin sabon gero da busasshiyar kuɓewa a kan mota. A cikinsu za a ga wanda ya dawo da haske a fuska, da wanda ya dawo ya fi yadda ya tafi gajiya, alhali kwana talatin ɗin ɗaya ne aka ba su. Lafiya uwar jiki ce, kuma da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a ga kaka lafiya.